Ebolushon da Hausa: juyin halitta, rikiɗa, ko sauyin tsatso?

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan uwa, akwai kalmar da ta tsaya mini a rai, wato abin da masana kimiyyar rayuwa ke kira ebolushon. A rubuce an fi cewa "juyin halitta", a baki kuwa sai ka ji an ce, "Ai maganar nan ce ta biri ya rikiɗa ya zama mutum." A ganina duka biyun sun ɓata ma'anar, kuma yawancin rigimar da ake yi tsakanin wannan ilimi da addini tun daga bakin kalmar take tashi.

Mu fara da abin da ake nufi. 'Ya'ya ba sa fitowa daidai da iyayensu, akwai ɗan bambanci, kuma ana gadon bambancin. Wanda nasa ya dace da inda yake rayuwa ya fi tsira, ya fi barin baya. In aka ɗauki dubban haihuwa a haka, sai a tarar zuri'ar ta sauya. Maganin kulorokwin ya daɗe yana kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, amma a ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin wadda ba ya kashewa a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka, daga baya ta iso Afirka. Babu ƙwaya ɗaya da ta koyi jure magani. Masu rauni suka mutu, masu juriya suka hayayyafa suka cike gurbin. Haka ma sikila: a 1954 wani masanin kimiyya, Anthony Allison, ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa gadon ya yi yawa a ƙasashen da cutar ta yi katutu.

To ina juyi a nan? Bahaushe in ya ji juyi, juyin mulki yake tunawa, ko juyin juya hali, abin da ake kwana a tashi a ga sama ta koma ƙasa. Abin da ke tafiyar hawainiya tsawon miliyoyin shekaru bai cancanci wannan suna ba.

Rikiɗa ta fi muni. A tatsuniya mutum ne ke rikiɗa ya zama kura, jiki ɗaya, dare ɗaya. Tsutsa ma kan rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi, nan ma jiki ɗaya ne. Wannan kalma ce ta haifi tambayar da kowa ya sha ji, wai me ya sa birran da ke daji ba su zama mutane ba har yau. Masanan ba su ce biri ya zama mutum ba. Cewa suka yi mutum da birin cimfanzi sun haɗa kaka kimanin shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowane reshe ya kama gabansa. Kana da damar ƙin wannan magana, ni ma ina da abin cewa a kanta, amma adalci shi ne ka ƙi abin da aka faɗa da gaske.

Wani ɗan uwa ya kawo "ci gaban halitta". Larabawa ma sun bi ta nan, marubutansu na ƙarni na 19 suna cewa "annushu'u wal irtiƙa'u", tsirowa da hawa sama, kafin "taɗawwur" ta zauna. Matsalar ita ce ba kullum ake hawa ba. Akwai kifin da ke cikin kogunan duwatsu masu duhu a Meziko wanda zuri'arsa ta rasa ido gaba ɗaya. Ina ci gaba a nan? "Sauyin jinsi" kuwa kada ma mu fara, kowa ya san inda hankalin mai karatu zai tafi a yau.

Shi kansa Charles Darwin, wanda ya shahara da wannan nazariyya, a bugun farko na littafinsa na 1859, bai ɗauki ebolushon a matsayin sunan abin ba. Asalinta Latin ne, ma'anarta warware naɗaɗɗiyar takarda, kamar dai abin da aka riga aka rubuta ne ake buɗewa. Herbert Spencer, masanin falsafa ɗan Ingila, shi ne ya yayata ta. Lafazin da Darwin ya fi amfani da shi yana nufin saukowar zuri'a tare da sauyi. Daga nan na ɗauko tawa shawarar: sauyin tsatso.

Tsatso kalma ce tamu, tana ɗauke da haihuwa da gado da tsawon zamani, kuma ba a cewa mutum ɗaya tsatso. Ku gwada ta a jumla. "Sauyin tsatso ne ya sa sauro ya daina jin maganin feshi." "Malamin ya koyar da nazariyyar sauyin tsatso." Ba ta yi wa baki nauyi ba.

Wani malami ya ce da na cire "halitta" kamar na cire Mahalicci ne daga zancen. Allah ya gafarta Malam, na fahimci damuwar, amma ina ganin akasin haka ne. "Juyin halitta" ce ke sa mai sauraro ya ji kamar ana cewa an juya abin da Allah ya halitta, ko an ƙaryata shi. "Sauyin tsatso" tana bayanin yadda abu ke gudana, ba ta ce komai a kan wanda ya gudanar da shi ba. Muna karanta yadda tururi ke tashi daga teku ya zama girgije, kuma hakan bai hana mu cewa Allah ne ke saukar da ruwa ba.

Ba kuma ina so kalma ta rufe saɓanin da ke nan da gaske ba. Saɓanin yana kan asalin ɗan Adam. Musulmi ya karanta cewa an halicci Annabi Adamu, alaihis salam, daga yumɓu, an busa masa rai, kuma babu fassarar da za ta share wannan. Malamai ba su yi baki ɗaya ba tun farko. Jamaluddin al-Afghani ya yi wa ra'ayin raddi mai zafi a 1881, a rubutunsa kan 'yan dahriyya, wato masu musun Mahalicci. A 1888 Shaikh Husain al-Jisr na Ɗarabulus ta Lebanon ya ce hujjojin ba su kai yaƙini ba, amma in sun kai, ba za su rushe imani da Mahalicci ba. A ɓangaren Kiristoci, a 1925 an gurfanar da wani malamin makaranta a jihar Tenesi ta Amurka, aka ci shi tarar dala 100 saboda koyar da darasin, sai ga shi a 1950 Paparoma Pius na 12 ya yarda a yi bincike kan asalin jikin mutum, muddin an riƙe cewa rai Allah ne ke halittarsa kai tsaye. Masu jawo aya ta 14 a Suratu Nuh, inda aka ce an halicce ku "aɗwaran", wato mataki-mataki, su ma su yi hattara. Gaskiya ne tushenta ɗaya da "taɗawwur", amma manyan masu tafsiri matakan da jariri ke bi a cikin mahaifa suka fassara ta da su.

Ina kuma roƙon mu daina tambayar mutum ko ya yi imani da wannan nazariyya. Imani na Allah ne da mala'iku da littattafai da manzanni da ranar lahira da ƙaddara. Nazariyyar kimiyya gamsuwa ake yi da hujjarta ko a ƙi gamsuwa, gobe in sabuwar hujja ta zo a sake dubawa. Da an sa "imani" a jumlar, an mayar da ɗalibin da ke neman cin jarabawa kamar wanda ake tuhuma da sauya addini.

Saura guda, a nan nake neman taimakonku. Hanyar da Darwin da takwaransa Alfred Wallace suka bayyana a takardunsu da aka gabatar a Landan a 1858, wato cewa wanda ya dace da inda yake rayuwa ya fi tsira, ana fassara ta da "zaɓin yanayi". Zaɓi sai mai nufi, kuma yanayi ba shi da nufi, ga shi kuma kalmar tana sosa wa mai tauhidi rai ba gaira ba dalili. Ni "tankaɗen muhalli" ta zo mini, domin rariya ba ta zaɓen komai, abin da ya dace da ƙofarta shi ke wucewa. Malaman da ke koyar da kimiyyar rayuwa a aji, ku gwada ta tare da "sauyin tsatso" a gaban ɗalibai, ku faɗa mana wadda suka kama da wadda ta sulluɓe musu.