Neman shawara: ta ina zan kamo darasin kwantum?

Sabuwar Malama: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mako mai zuwa zan shiga darasin kwantum da 'yan SS3. Lissafin ba ya ba ni wahala, amma idan yaro ya ce "Malama, me ya jawo wannan magana tun farko?" bakina mutuwa zai yi. Don Allah ta ina zan fara?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam 'yata. Fara da maƙera. Ƙarfe a wuta yakan yi ja, zafi ya ƙaru ya koma ruwan ɗorawa, daga nan sai fari. Hasken abu mai zafi shi ya gagari masana a ƙarshen ƙarni na 19, lissafinsu ya ƙi dacewa da abin da ake aunawa a ɗakin gwaji. A Disambar 1900, a Berlin, Max Planck ya ce a ƙaddara makamashi ƙulli-ƙulli yake fita, kamar ƙullin gishiri a kasuwa: ɗaya ko biyu, babu rabi. Wannan ƙullin shi ake kira kwantum. Sai lissafi ya zauna daram. Shi kansa bai yi murna ba, dabarar fita kunya ya ɗauke ta.

Mai Sola: Baba ya gama magana, amma kada a bar Einstein. A 1905 ya ce shi kansa hasken ƙulli-ƙulli yake tafiya. Shi ya sa jan haske, komai ƙarfinsa, ba ya fizge ƙwayoyin lantarki (elektron) daga ƙarfen zinki, alhali ultrabayolet, wani haske da ido ba ya gani, ɗan kaɗan yana fizgewa. A kan wannan aka ba shi Nobel ta 1921. Farantin sola dangin abin ne, ki nuna musu ɗaya.

Ɗalibin Jami'a: Anti, inda gizo ke saƙa shi ne ma'anar. Bayan masana Bohr a 1913, Heisenberg a 1925 da Schrödinger a 1926 sun kawo lissafinsu kan atam (ƙwayar zarra), sai Max Born ya ce abin da lissafin ke faɗa yiwuwa ce kawai, ba tabbas ba. Einstein bai yarda ba, suka yi ta ja-in-ja da Bohr a taron Brussels na 1927, kuma har yau masana ba su haɗu a fassara ɗaya ba. Ni dai roƙona, kada ki ce musu tunanin mutum ke juya atam. 'Yan TikTok sun cika mu da wannan. Idan an ce an "duba" atam, na'ura ce ke awon, ba tunani ba.

Sabuwar Malama: Allah Ya saka da alheri. Baba, in kawo Born ko in tsaya a 1905?

Tsohon Malami: Tsaya a Bohr. Wanda ya tambayi Born, ki riƙe shi bayan an tashi.