Tambaya kan hanyar Jatbula a gandun dajin Nitmiluk

Ɗan Zazzau a Darwin:
Assalamu alaikum. Ina karatu a Darwin, a arewacin Ostireliya, kuma ni da abokaina biyu muna da niyyar taka hanyar Jatbula da ƙafa idan hutu ya zo. Abin da na sani shi ne tsawonta kilomita 62, ana cinye ta a kwana biyar ko shida, daga kwazazzabon kogin Katherine zuwa Leliyn, wata magangarar ruwa da ake kuma kira Edith Falls. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙa'idojin: mutum 15 kaɗai ake bari su tashi a rana, ba a hura wuta, ba a kwana sai inda aka keɓe. Me ya kawo wannan tsauri haka? Sannan ina tsoron kadoji, domin zan riƙa sauka bakin ruwa yin alwala.

Malam Na-Gwale:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na bi hanyar a wani watan Yuli, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne dajin nan yana da masu shi. Ƙasar mutanen Jawoyn ce, 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, waɗanda suka daɗe suna fafutukar neman haƙƙinsu har aka mayar musu da ita a 1989, su kuma suka ba gwamnatin yankin hayarta, ana gudanar da gandun tare da su. A lokacin ne sunan Nitmiluk ya maye gurbin na Turawa. Hanyar ma sunan dattijonsu Peter Jatbula ta ci, wanda yana cikin jagororin wannan fafutuka, kuma sawun da kakanninsu suka bi ne za ku bi.

Akwai wani kwari mai sanyi da inuwa da za ku gangara a rana ta uku, inda zane-zanensu suke jikin dutse da jar ƙasa da fara. Na tsaya gabansu na daɗe, sai suka tuna mini da zanen shanu na duwatsun Birnin Kudu, sai dai su waɗannan jikokin masu zanen suna raye, kuma su ke faɗin abin da ya halatta a wurin. A ganina mutum 15 ɗin ma ba su yi kaɗan ba, domin gumin hannu ɗaya yana iya ɓata abin da ya shekara aru-aru. Kada ku taɓa, ku kalla kawai.

Yaya Hajara:
Batun kadoji, iri biyu ne. Na ruwan daɗi ƙanana ne masu siririn baki, ba su cika kula mutum ba sai an tsokane su. Manyan na ruwan gishiri su ne masu haɗari, kuma suna iya shigowa kwazazzabon idan kogi ya cika da damina, shi ya sa ma'aikatan gandun suke bincike su kafa tarko kafin a buɗe wuraren wanka. Inda allo ya hana shiga ruwa, ka ɗebi ruwan alwalarka a gorarka ka ja da baya.

Malam Na-Gwale:
Gaskiya ne, Yaya, amma ni zafi ne ya fi ba ni wahala. Daga Yuni zuwa Satumba ake tafiyar, lokacin rani ke nan a can, duk da haka saman duwatsun yana ɗaukar zafi ƙwarai da hantsi. Mukan naɗe tanti bayan sallar asuba, mu isa zango kafin azahar, mu yini a bakin ƙorama muna kallon baƙaƙen aku masu jan wutsiya. Busasshiyar ciyawa ta kai ƙugu a wurare da dama, don haka ƙaramin murhun gas za ku ɗauka. Ku nemi gurbi da wuri, yana cika tun watanni kafin lokacin.

Ɗan Zazzau a Darwin:
Allah ya saka da alheri. Za mu nemi gurbin Yuli, zan kuma kawo muku labarin kwarin nan idan mun dawo.