Shin "ɗashewa" da "koɗewa" ma'anarsu ɗaya idan ana maganar fuska?

Ɗalibar Harshe:
Assalamu alaikum. A makon jiya na raka yayata asibiti kwana 10 bayan ta haihu, muna zaune a kan benci sai wata dattijuwa ta ƙura mata ido ta ce, "Yarinya, ai kin ɗashe, ki ce su auna miki jini." Da muka koma gida na maimaita maganar, sai mijinta ya ce shi "koɗewa" ya sani. Ina roƙon masana su fayyace mini ko kalmomin biyu ɗaya ne, sannan ko daidai ne a ce mutum ya ɗashe saboda tsoro, domin ina fassara wani gajeren labari kuma a nan na tsaya.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kalmomin maƙwabta ne, amma kowace da gidanta. Koɗewa ta fi zama a kan kaya: atamfar da ta sha wanki da rana, shuɗin da ya saki, fentin bangon da ya ga damina uku. Idan aka ce mutum ya koɗe, aro aka yi daga tufa, kuma mai sauraro zai fahimci cewa abin ya ɗauki lokaci, wahala ko doguwar jinya ce ta cinye masa launi a hankali. Shi ya sa ma ake cewa fatar mai shafa man bilicin ta koɗe. Ɗashewa kuwa ta jiki ce, tana nufin hasken da ba na lafiya ba, wanda ke sa a ce "kamar ba jini a jikinta". Amaryar da aka yi wa dilka haske ta yi, ba wanda zai ce ta ɗashe sai mai neman faɗa da danginta.

Game da tsoro, ina ba ki shawara ki bar launi gaba ɗaya. Mai jar fata ne fuskarsa ke canzawa nan take kowa ya gani, don haka harshensu ya riƙe wannan. Bahaushe ido da ciki yake dubawa: ya yi tsuru-tsuru, ido ya raina fata, hantar cikinsa ta kaɗa. Idan kika rubuta "ya ɗashe don tsoro", mai karatu zai zaci ciwo ne ya kama shi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam ya yi bayani, Allah Ya ƙara sani. Ni abin da ya dame ni shi ne yadda mata ke ɗaukar ɗashewar mai jego a matsayin kyau, har a ce jego ya karɓe ta. Dattijuwar nan ta yi gaskiya. Mu a wurin aiki ba ma dogara da kumatu, musamman ga baƙar fata. Muna janye fatar ƙasan ido mu duba cikinta, mu duba tafin hannu da harshe da farce. Inda ya kamata a ga ja sai a tarar da fari, to alamar ƙarancin jini ce. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai ciki da sinadarin himogulobin ɗinta, wato mai sa jini ja, ya gaza giram 11 a kowace desilita ta jini (ko 10.5 a watanni ukun tsakiyar ciki) tana da ƙarancin jini, macen da ba ta da ciki kuwa giram 12 ne. Zubar jini wajen haihuwa, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da sikila duk suna jawo shi. Idan kuma idon rawaya ya yi, wannan ciwon shawara ne, ba ɗashewa ba.

Ɗan Damagaram:
Ban yarda da Malam ɗari bisa ɗari ba, domin a gidanmu kakata "ya koɗe" take cewa ko da zazzaɓin kwana biyu ne, saboda haka mijin yayarki bai yi kuskure ba. Sai dai ki kula da lanƙwasar harafin wajen rubutu a waya, don "dashe" da d mara ƙugiya na albasa ne ko na ƙoda.

Ɗalibar Harshe:
Na gode ƙwarai, na sa "ya yi tsuru-tsuru" a fassarar. Yayata kuwa an auna ta, jinin ya yi ƙasa, yanzu tana shan maganin ƙarin jini.