Wace kalma za mu ba "stability" na magani? Ni dai na tsaya a kan ƙarko

1/ 'Yan uwa, ina rubuta wa masu kyamis na Agege da Idi-Araba a Legas takardar wayar da kai kan ajiyar magani, sai kalmar stability, wato yadda magani ke daɗewa a ajiye bai lalace ba, ta tsaya mini. Bari in fara da aikin kansa.

2/ A ɗakin gwaji muna sa magani cikin akwati mai zafin digiri 40 da danshin iska kashi 75 cikin ɗari, har wata 6. Lokaci-lokaci a ciro a auna ƙarfin da ya saura. Wani kason kuma yana zaune a digiri 30 da danshi kashi 75, ma'aunin ƙasashe masu zafi da laima irin tamu. Daga waɗannan alƙaluma ake lissafa saurin lalacewarsa da ƙa'idar Arrhenius, wadda ke nuna yadda zafi ke ƙara saurin canjin sinadarai, a fitar da ranar ƙarewar da kuke gani a jikin kwali.

3/ Wanda bai zauna Legas ba zai ɗauka zafi ne kaɗai abokin gaba. Asfirin in ya sha laima sinadarinsa rabewa yake yi, kana buɗe kwalbar ka ji warin tsami. Ɗan ƙullin nan da ake jefawa cikin roba, danshi yake tsotsewa. Don Allah a daina cire shi.

4/ Na fara da "ɗorewa". Ba laifi, amma ɗorewa ta zaman lafiya ce da mulki, abin da ke ci gaba. "Tsayuwa" kuwa fassarar baki ce, ba ta ce komai ba.

5/ Wani dattijo mai goro a Agege ne ya warware mini. Shi danshi yake nema, yana ta yayyafa wa huhun goronsa ruwa. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Yaro, ai ƙarkonsa kuke aunawa." Na ce, "Baba, ka gama magana." Ƙarko shi ne yadda abu ke jure wahala bai canja ba, kamar yadi ko takalmi.

6/ Saboda haka: gwajin ƙarko, ƙarkon magani, gwajin ƙarko na gaggawa don na wata 6 ɗin. Wani abokin aiki ya ce ƙarko na kaya masu tauri ne, bai dace da sirof ba. Na gwada wa masu kyamis uku "sirof ɗin nan ba shi da ƙarko in an buɗe", babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Da ita zan kai takardar wurin bugawa ranar Litinin.