Mawaƙin da ba ya ƙarƙashin kamfani: ta ina kuɗinsa ke shigowa, kuma me zai gyara kafin ya saki waƙa?

Ɗan_Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce ga masana harkar waƙa. A ce matashi ne da ke rubuta waƙoƙinsa da kansa yana rerawa, ya tara kamar guda shida a sutudiyo, kuma ba ya son shiga ƙarƙashin wani kamfani ko ubangida. So yake ya riƙe abin a matsayin sana'a. Ta ina zai fara? Kowa cewa yake a ɗora a Spotify da Audiomack, amma ba mai faɗin yadda kuɗin ke isowa hannu. Sannan wa ke da waƙar: shi, ko furodusan da ya buga kiɗan, ko wanda ya biya kuɗin sutudiyo? Don Allah a yi mana bayani dalla-dalla.

Injiniyan_Sauti ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Kurna, da tambayarka ta ƙarshe za a fara, don sauran duk a kanta suke tsaye.

Kowace waƙa dukiya biyu ce a dunƙule. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da karin da aka ɗora su a kai. Wannan ta marubuci ce da duk wanda ya sa hannu a ƙirƙirar karin. Akwai kuma abin da aka naɗa a sutudiyo, wanda ake ce wa masta. Ana iya sayar da ɗaya a riƙe ɗaya, kuma kowacce da ƙofar da kuɗinta ke shigowa.

A Najeriya Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ce ke aiki, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Haƙƙi yana tabbata da zarar an rubuta waƙar ko an naɗe ta, ba sai an yi rijista ba. Na baitoci da kari yana kaiwa tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 70, na masta shekara 50. Inda matasa ke shan ƙasa shi ne nan: doka tana kallon wanda ya ɗauki ɗawainiyar shirya naɗin a matsayin mai masta. Idan wani Alhaji ya kama sutudiyo, ya biya furodusa, kuma ba a rubuta komai ba, ranar da waƙar ta yi kasuwa yana da abin faɗa. Mallakar ba ta komawa hannun wani sai a rubuce. "Ai mun yi magana da shi" ba hujja ba ce.

Don haka a ranar da aka gama naɗi, kafin kowa ya sa takalminsa, a cika takardar rabon kaso. Shafi ɗaya ya isa: sunan waƙa, kwanan wata, cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin shaidarsa, sunan da aka san shi da shi a waƙa, aikin da ya yi, da kasonsa. Jimla ta tashi 100 cif. Ba doka ce ta yanka kason furodusa ba, jinga ce. Idan an biya shi kuɗin aikinsa ne dungurungum, a rubuta cewa ba shi da komai a masta. Idan kuwa shi ya ƙirƙiro karin, to abokin rubutu ne, a ba shi kasonsa a ɓangaren waƙa. 'Yan amshi da mai jita ko mai kalangu su ma su sa hannu a layi ɗaya cewa an sallame su. Rashin wannan takarda ne ke sa mutum biyu su yi wa waƙa ɗaya rijista, kason ya haura 100, masu tara kuɗi su riƙe na kowa har sai an sasanta.

Kada ya bar sutudiyo da MP3 kaɗai. Ya karɓi WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, na cikakkiyar waƙar, da kiɗan zalla ba murya, da rarraben sautukan: murya daban, amshi daban, ganga daban. Ya ajiye a wuri biyu. Kwamfutar sutudiyo tana ƙonewa, furodusa yana canza gari.

Bazazzagi77 ya rubuta:

Injiniya ya gama da takarda, bari in ɗauki ɗorawa.

Audiomack da YouTube mutum yana ɗorawa da hannunsa. Spotify da Apple Music kuwa sai ta hannun dillali, irin su DistroKid, TuneCore da CD Baby. DistroKid da TuneCore kuɗin shekara ake biya. CD Baby sau ɗaya ake biya a kan kowane saki, sai su riƙa cire kashi 9 cikin 100 na abin da ya shigo. Mai sakin waƙa kowane wata, na shekara ya fi masa sauƙi. Mai waƙa shida da zai daɗe bai sake fitar da wata ba, ya yi lissafi da kyau, don a tsarin shekara idan aka daina biya ana iya cire waƙoƙin daga Spotify da sauransu. Kafin ya biya ko sisi, ya duba ta wace hanya dillalin ke turo kuɗi Najeriya ko Nijar, Payoneer ne ko asusun dala, da kuma mafi ƙarancin abin da ake iya cira.

Abin da za a nema a gare shi: WAV mai 16-bit da 44.1 kHz ko sama da haka, da hoton bango murabba'i, 3000 a 3000, wanda babu lambar waya ko adireshin intanet a jikinsa, in ba haka ba a dawo da shi. Dillali zai ba kowace waƙa lambar shaidarta, wato ISRC, mai harafi da lamba 12. Ya rubuta su a littafi. Ranar da zai canza dillali, da tsohuwar lambar zai sake ɗorawa, in ba haka ba adadin saurarensa ya koma sifili. Sunansa kuma ya tsaya a kan rubutu ɗaya. Yau "Ɗan" da lanƙwasa, gobe "Dan" ba lanƙwasa, sai a buɗe masa shafi biyu, ko a jefa waƙarsa a shafin wani mai irin sunan.

Ya ɗora aƙalla mako uku ko huɗu kafin ranar saki. Spotify for Artists, shafin da Spotify ya ware wa mawaƙa, yana ba da damar miƙa waƙa ɗaya ga editocinsu masu zaɓen waƙoƙin da ake sawa a jerin waƙoƙinsu, amma sai ta isa da aƙalla kwana 7 kafin ta fita.

Kuɗin fa? Babu tsayayyen farashi a kan kowane saurare. Ana tara abin da aka samu a ƙasa a wata, a raba gwargwadon kason kowa a sauraren ƙasar. Shi ya sa saurare dubu daga Ingila ya fi dubu daga Kaduna tsoka, tunda kuɗin rijistar wata a can ya fi. Sai an saurari daƙiƙa 30 ake ƙirgawa, kuma tun Afrilun 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba Spotify ba ya biyan komai a kan mastarta. Rahoto yakan yi jinkirin wata biyu zuwa uku. Abin da ya fito daga Amurka kuma ana cire masa harajin kashi 30, don babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya. Fom ɗin harajin Amurka mai suna W-8BEN ake cikawa.

Masu turo saƙo cewa za su kawo saurare dubu goma a kan 'yan kuɗi, ya guje su. Na'ura ce ke sauraren, ana ganewa, a cire waƙar, a ci dillali tara, shi kuma ya rufe asusun.

Hajiya_Mai_Lissafi ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Bazazzagi, duk abin da ka faɗa daidai ne, sai dai ina tsoron yaron ya karanta ya ɗauka Spotify ne zai ciyar da shi. A shekarun farko da wuya ya mayar masa da kuɗin sutudiyo ma. Kuma dillalin nan kuɗin masta kawai yake kawowa. Na baitoci da kari yana can wani wuri, ba mai kawo masa sai ya bi sawu. A gida ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta MCSN ce ke da lasisin Hukumar Haƙƙin Mallaka na karɓar kuɗin waƙa daga gidajen rediyo, talabijin, otal da wuraren taro. Ya yi rijista a matsayin marubuci, ya shigar da kowace waƙa da kason da ke cikin takardar Injiniya. Na waje kuma akwai kamfanonin da ke bi wa marubuci kuɗinsa ƙasa-ƙasa, irin su Songtrust, su ɗauki la'adar kashi 15 zuwa 20. Wannan sai waƙa ta fara tafiya a waje yake da amfani.

Misalin da ya fi dacewa da tambayar shi ne na mawaƙiya Ingrid Michaelson, 'yar New York. Ta fara ne da ɗora waƙoƙinta a MySpace, tana fitar da su a ƙarƙashin kamfaninta, Cabin 24 Records. Abin da ya ɗaga ta lasisi ne: shirin Grey's Anatomy ya yi amfani da waƙoƙinta, sannan a 2007 kamfanin tufafi na Old Navy ya sa ɗaya a tallarsa. Mai shirya fim ko talla izini biyu yake nema, na masta da na waƙa, kuma galibi kuɗin biyu ake rabawa daidai. Wanda ya riƙe duka biyun, sa hannu ɗaya ya wadatar, ciniki ya faɗa cikin kwana ɗaya, kuɗin duka nasa. Masu zaɓen waƙa a irin waɗannan shirye-shirye kullum a ƙure suke, shi ya sa suke son irin wannan mawaƙin. A nan ne kiɗan zalla da Injiniya ya ce a karɓa yake amfani, don a ƙarƙashin maganar 'yan wasa ake shimfiɗa shi.

A wajenmu kasuwar tana nan: fina-finai masu dogon zango na YouTube, tallar rediyo, waƙar ango da amarya, wasan sallah da na biki. Kuskuren da ake yi shi ne sayar da waƙa ga mai fim baki ɗaya a kan kuɗi ƙalilan. Haya zai bayar: a rubuta fim kaza, tsawon shekara kaza, a kafa kaza, mallaka tana nan wurin mawaƙi. Waƙar biki kuma a karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, a rubuta sau nawa za a yi gyara kyauta, kuma kada cikakkiyar waƙar ta bar hannu sai an cika. Ta WhatsApp ɗanɗano kawai ake turawa, minti ɗaya da tambarin murya a kai.

Sai kasuwancin kansa. Ya yi rijista da CAC, hukumar rijistar kamfanoni. Sunan kasuwanci ya fi araha, amma bashinsa bashin mai shi ne. Kamfani mai iyakantaccen alhaki ya fi tsada da ɗawainiyar rahoton shekara, sai dai shi mutum ne daban a idon doka, kuma tun dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya buɗe shi. Ya buɗe asusun banki da sunan, ya daina haɗa kuɗin wasa da kuɗin cefane. Rijistar CAC ba ta kare sunan waƙarsa. Wannan rijistar alamar kasuwanci ce daban, aji na 41 na nishaɗi, na 9 na faifai, na 25 idan zai buga riguna. In a Kano yake, ya leƙa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, don mawaƙa ma suna cikin waɗanda take yi wa rijista.

Ɗan_Kurna ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Hajiya, na gode ƙwarai. Saura ɗaya: biyu daga cikin waƙoƙin a kan kiɗan da aka saya a intanet aka hau. Akwai matsala?

Injiniyan_Sauti ya rubuta:

Ya danganta da irin lasisin. Ya buɗe takardar da aka turo masa ranar saye. Yawancin masu arahar haya ce, an sayar wa mutum da yawa kiɗa ɗaya, kuma akan sa iyaka: adadin saurare, adadin bidiyo, ko shekaru. Galibi mai kiɗan yana riƙe da kaso a ɓangaren waƙa, sau da yawa rabi, don haka sunansa zai shiga rijista. Idan kuwa a YouTube aka sauke kiɗan kyauta, yawanci ba a yarda a nemi kuɗi da shi ba sai an sayi lasisi.

Babban abin kiyayewa, kada ya kunna Content ID, na'urar YouTube da ke gano waƙa a cikin bidiyon wasu, a kan waɗannan biyun lokacin ɗorawa. YouTube na buƙatar mallaka ta kai kaɗai, kuma da ya kunna, na'urar za ta fara kama bidiyon duk wanda ya sayi kiɗan, har da na mai kiɗan kansa, ƙorafi ya dawo kan dillalinsa. Mai talla ma da wuya ya karɓi waƙar da wani zai iya fitowa da irin kiɗanta. In ɗaya daga cikinsu ta fara tashi, ya tuntuɓi mai kiɗan ya sayi lasisin mallaka tun farashi bai hau ba, ko ya sa furodusansa ya buga sabon kiɗa a ƙarƙashin muryar, ya fitar da ita da sabuwar lambar ISRC.