Kanbas na tsukewa bayan bugu, ya kuke yi da shi?

dan_mabera:
Salam 'yan uwa masu sana'a. Don Allah a taimaka min da shawara. Hoton biki anka kawo in buga kan kanbas (yadin da ake buga hoto a kai), 120cm a tsawo 80 a faɗi, kafinta ya riga ya haɗa firam, da ya fito na sa tef sai na ga 118, faɗin ko lafiya lau. Cikin Photoshop awon daidai yake. Mi ke kawo wanga abu, injin ne ko yadin?

mai_firinta_arkilla:
Wslm. Ba lalacewa injinka ya yi ba malam, halin kanbas ne. Kullum ta wajen da inji ke jan naɗin yadin yake cin awo, shi ya sa faɗi bai taɓu ba. Yadi ne mai kauri da saƙa, yana miƙewa sadda ake jansa, ya sha tawada ya bushe sai ya koma, in injinka mai hita ne ma abin ya fi yawa. Lissafin ba wuya, raba 120 da 118 zai ba ka 1.017, ka ninka 120 da shi ya ba ka 122, to ka shiga image size (wurin canza awon hoto cikin Photoshop) ka cire alamar sarƙar nan da ke ɗaure tsawo da faɗi, tsawon kawai za ka maida 122 ka bar 80 yadda yake. A kwamfuta ba wanda zai lura fuskar amarya ta ƙara tsawo, in ya fito ya dawo daidai.

baba_mai_hoto:
Gaskiya ya faɗa maka. Amma ɗana kar ka riƙe lamba guda, kanbas mai auduga zalla ya fi mai haɗin polyester tsukewa, kuma abin da ka auna da damina ba shi za ka gani da hunturun Sakkwato ba. Duk sabon naɗi ka buga layi na mita guda a gefe, bar shi ya kwana kafin ka auna. In kana shafa banish (man da ke kare hoto ya sa shi sheƙi), bayan ya bushe za ka sa tef.
Sannan mu tun da, hoto muke fara bugawa kafin a kira kafinta, katako ya fi sauƙin ragewa.

dan_mabera:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To wanga da na riga na buga fa, asara ke nan?

mai_firinta_arkilla:
In ka bar masa baki kamar 5cm kowane gefe na naɗewa, kai wa kafinta ya rage santimita 2 a firam ɗin. Kar dai ka ce za ka ja shi da ƙarfin tsiya ya cike, tawadar tsagewa za ta yi a kusurwa.