Bitar koyarwa ta intanet: me kuka taras, me kuka ɗauko?

Malamar Tsangayar Ilimi:
Assalamu alaikum, malamai. An saka ni a kwamitin da zai shirya wa malaman tsangayarmu bita kan tsara darasi ta intanet, kwana uku kacal aka ba mu. Kafin in zauna rubuta jadawali, ina so in ji ta bakin waɗanda suka taɓa zama a irin wannan bita, ko suka koyar ta waya bayan korona. Me ya amfane ku, me ya zama ɓata lokaci? Don Allah kada a kama sunan makaranta.

Mai Kemistiri:
Wa alaikumussalam, Malama. Tamu an yi ta ne a farkon 2021. Kin tuna 2020 gaba ɗaya ta tafi, ga kulle ga yajin aikin ASUU tun Maris har Disamba, kowa yana neman hanyar biyan bashin karatu. Aka tara mu a babban ɗakin taro, wani matashi ya kunna majigi yana nuna mana Moodle, manhajar ɗora darussa a intanet: danna nan, shiga can, ga inda ake loda takarda. Rabinmu ba mu zo da kwamfuta ba. Rana ta biyu aka ɗauke wuta, muka yi awa biyu muna jiran man janareta. Ta uku aka raba takardar shaida, aka yi hoto.

Da na koma ofis me na yi? Na ɗauko tsohon rubutun laccata mai shafi tamanin, na loda shi yadda yake, na ce na koma intanet. Yara suka sauke, suka kai shagon hoton takarda, suka buga. An dai canza wa tuwo suna. Babu wanda ya taɓa tambayata a bitar nan: me kake so ɗalibi ya yi ranar Talata idan ya buɗe wayarsa shi kaɗai?

Dakta Mai Babban Aji:
Ni kwas ɗin 'yan aji ɗaya nake ɗauka, irin wanda kowa sai ya yi, ɗalibai sun haura ɗari shida. A bita Zoom aka koya mana. Ba a faɗa mana cewa na kyauta mutum ɗari yake ɗauka ba, kuma minti arba'in yana cika zai tsinke. Ranar farko mutum ɗari suka shige, sauran suka dami shugaban aji da kira. Waɗanda suka shigan ma, wani na cikin kasuwa, wata jariri na kuka a gefenta, ni kuma ina ta "kuna ji na?" kamar mai cigiya.

Na koma WhatsApp. A lokacin mutum 256 ne iyakar zaure guda, sai da na buɗe uku, daga baya muka tattara muka koma Telegram. Abin da ya fisshe ni wata ɗaliba ce da ta rubuto min, cikin ladabi, cewa datar da lacca ɗaya ta bidiyo ke ci ita ce ta sati gudanta. Daga ranar na daina bidiyo. Nakan yi saƙon murya na minti shida zuwa bakwai, magana ɗaya tak a ciki, da hoton shafi guda, da tambaya ɗaya da za a amsa kafin Juma'a. Abin mamaki, yanke laccar ya fi yin ta wahala. Sai da na zo yankewa na gane yawan surutun da nake cika awa biyu da shi.

Dattijon Sashe:
Ku yi min uzuri, 'yata ke rubuta min. Malama, kada ki haɗa mu aji ɗaya da yaran da muka koyar. Mutum ya shekara talatin yana lacca, ba zai ɗaga hannu gaban ɗalibinsa ya ce ya manta lambar sirri ba. Zai yi shiru, ya karɓi takardar shaida, ya tafi. Ni a ofis wani ƙaramin malami ya zauna da ni sau huɗu bayan la'asar, a nan na iya.

Malamar Tsangayar Ilimi:
Allah ya ƙara girma, Farfesa. Wannan kam bai zo min a rai ba.

Hajiya Mai Karatun Nesa:
Na yi 'yan shekaru ina jagorantar ɗalibai a wata cibiyar NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya, kuma a littattafan kwas ɗinsu na fara ganin bambancin. Kowane kashi yana buɗewa da abin da ake so ɗalibi ya iya, a tsakiya akwai tambayoyin gwada kai, a ƙarshe jingar da malami zai duba. Littafin ne ke yin aikin da bakin malami ke yi a aji. Bitar da ta fi amfanata ba a kunna kwamfuta ba sai rana ta ƙarshe. Takarda da biro aka ba mu, aka ce fara daga baya: me ɗalibi zai iya in an gama, ta yaya za ki tabbatar ya iya, sannan me zai karanta ko ya saurara. Na ji haushi da farko, don a zatona manhaja na zo koya.

Malam daga Yamai:
Gaisuwa daga wannan ɓangaren iyaka. Mu da Faransanci aka yi tamu, kuma an matsa mana sosai kan rubuta tsarin darasi mako-mako kafin a taɓa na'ura, kamar yadda Hajiya ta ce. Abu ɗaya zan ƙara: a watan Afrilu da Mayu, in zafi ya tsananta kuran, wato wutar lantarki, na yawan tafiya, salula ba caji. Kada a sa wa'adin awa biyu. A ba yaro kwana biyu.

Mai Kemistiri:
Dakta, saƙon murya ya yi maka don kwas ɗinka na karatu ne. Ni ta yaya zan koya wa yaro riƙe kwalbar awo ta Telegram? Sannan jarrabawa. Na taɓa ba da gwaji ta intanet, mutum arba'in suka kawo amsa iri ɗaya har da kuskuren rubutu ɗaya. Yanzu da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum amsa, ya fito tun ƙarshen 2022, kuskuren rubutun ma babu.

Dakta Mai Babban Aji:
Ban musa ba, Malam. Jarrabawa ni ma a aji nake yi, ido da ido. Gwajin mako-mako kuwa maki kaɗan nake ɗora masa, don in ga wanda ya ɓace ne, ba don in kama ɓarawo ba. Yaron da ya yi sati uku bai amsa ba, shi nake sa a nemo min.

Malamar Tsangayar Ilimi:
Na gode ƙwarai. Na soke jadawalin farko. Kowa zai zo da darasin mako ɗaya daga kwas ɗinsa, ya tsara shi a takarda, a rana ta uku kuma abokin zamansa ya buɗe shi a ƙaramar waya da datar kansa, ba da intanet ɗin makaranta ba. Manyanmu za a bi su ofis. Saura tambaya ɗaya da shugaban tsangaya zai yi min gobe da safe: a makarantunku, wa ya biya wa malamai kuɗin data?

Mai Kemistiri:
Aljihunmu, Malama.